Yaron da Ke Yawan Faɗuwa

A farfajiyar Masallacin Annabi a Madina, inda daɓen marmara yake sumul, za ka ga yaro ɗan shekara biyu yana tafiya ƙalau. Da ya taka darduma mai laushi, ko ya shiga ɗaki mai duhu, sai ya soma tangaɗi, ya ware ƙafafu, ya zube. Uwa takan ce ƙiriniya ce, kaka ta ce kambun baka ne. Wani lokaci kuwa matsalar tana can cikin kunne. Bayan wurin da ke jin sauti, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi. Idan kai ya juya, ruwan ya motsa, sai saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Ita kuma ta haɗa shi da abin da ido ya gani da abin da tafin ƙafa ya ji, sannan jiki ya tsaya daidai. Shi ya sa yaron da wannan sashe nasa ya samu rauni yake lallaɓawa da rana a kan daɓe, amma duhu ko yashi su tona asirinsa.

Sanƙarau yana iya lalata wurin, cutar nan da Saudiyya ta wajabta wa alhazai allurar rigakafinta. Wasu allurai masu ƙarfi irin su gentamicin ma suna yi. Wani yaron kuma haka aka haife shi, musamman wanda ya zo da kurumta.

Maganin da ya fi amfanar irin wannan yaro motsi ne, ba goyo da killacewa ba. Tun a shekarun 1940 wasu likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka lura cewa majinyatan da ke motsa kai da ido sun fi saurin rabuwa da jiri a kan masu kwanciya shiru. A yau likitocin gashi da motsa jiki, irin waɗanda Jami'ar Ɗayyiba ta Madina take yayewa, sun mayar da atisayen wasa. A sa yaro ya kafa wa hoto ido yana kaɗa kai, ya taka katifa ba takalmi, ya hau lilo, ya cafe ƙwallo yana tsaye a kan matashi.

Wani zai ce, in kunnen ya riga ya lalace, me tsalle-tsalle zai gyara? Gaskiya ne, sau tari abin da ya mutu a ciki ba ya dawowa. Ai ba kunnen ake koya wa ba, ƙwaƙwalwa ce, ta saba dogara da ido da ƙafa da ɗaya kunnen, kuma ta yaro ta fi ta babba saurin ɗauka. Masu cewa a bar shi zai daina da kansa suna da ɗan abin kamawa, don wani jirin yara yana wucewa. Sai dai yaron da ya kai wata 18 bai soma tatata ba, a kai shi likitan kunne a gwada jinsa, ba a zauna jira ba. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti. In da amai mai yawa, ko ciwon kai mai tsanani, ko zazzaɓi da sandarewar wuya, wannan ba na atisaye ba ne, a garzaya asibiti nan take.