Mai zane, fara tun kafin ka cike fom

Kai mai zane da ke Minna, in kana hangen digiri na biyu mai haɗa zane da rubuta manhaja, kada ka jira takardar shiga jami'a. Buɗe manhajar zane ta p5.js a intanet, kyauta ce. Ɗauki aska takwas ta babbar riga, ka koya wa kwamfuta zana ta zare bayan zare. Wallahi nan za ka gane ashe maɗinka lissafi suke yi tun kaka da kakanni. In ka cije, nemi ɗalibin kwamfuta a jami'ar fasaha ta Gidan Kwano ya duba maka. Makarantu irin Goldsmiths ta Landan sai sun ga aikin hannunka kafin su ɗauke ka. Tara ayyuka guda biyar masu kyau tukuna.