Mofin da Danginsa: A Kula da Numfashi

Mofin, tiramol da kodin dangi ɗaya ne. Ba sa warkar da rauni. A laka da ƙwaƙwalwa suke aiki, su dakushe saƙon raɗaɗi. Ga mai ciwon daji, mai sikila ko wanda aka yi wa tiyata, rahama ne, kuma bai kamata tsoro ya sa a hana su ba.

Haɗarin yana wajen numfashi. In an zarce ƙima, ko an haɗa da maganin barci, sai ya yi ta raguwa har ya tsaya. Majinyacin da ya ƙi farkawa, a garzaya da shi asibiti, akwai allurar naloxone mai karya ƙarfin maganin. Wanda ya daɗe yana sha, kada ya yanke lokaci guda. Likita zai rage masa sannu a hankali. Ragowar ƙwayoyin kuwa a kulle su, kada a sam wa kowa.