Daga Fenti Zuwa Harafi: Bunƙasar Fasahar Bruce Onobrakpeya

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin Hausa sun saba ɗaukar harafi a matsayin abin da ke ɗauke da sauti kawai, ba su cika kula da siffarsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wani mai zane da ya yi karatu a Zariya, don a ga yadda ya tashi daga fenti, ya bi ta ɗab'i da harhaɗa tarkace, har ya kai ga mayar da harafi abin ado.

2.0 Zaman Zariya

An haifi Bruce Onobrakpeya a 1932 a Agbarha-Otor, ƙasar Urhobo. A 1957 ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 shi da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da wasu suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Aƙidarsu ita ce ɗalibi ya koyi dabarun Turawa, amma ya cika su da kayan gidansu. Saboda haka zane-zanensa na farko suka karkata ga tatsuniyoyin Urhobo da shimfiɗar ƙasar Arewa.

3.0 Matakan Bunƙasa

Mataki na farko shi ne aikin littattafai. Shi ya yi wa littafin Cyprian Ekwensi, An African Night's Entertainment (1962), zane, wato littafin nan da labarinsa ya yi kama ƙwarai da na Jiki Magayi. A nan mai zane yake koyon zama da rubutu a shafi guda, kowa ya san gurbinsa.

Mataki na biyu ya zo a 1967, lokacin da ruwan asid ya ɓata masa farantin ɗab'i. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da danƙo, ya buga, hoton ya fito da tudu da kwari. Daga wannan ɓarna ya sami sabuwar dabara da ta zama tambarinsa.

Mataki na uku shi ne na harafi. Tsakanin 1978 da 1986 ya ƙirƙiro Ibiebe, jerin alamomi masu lanƙwasa da kusurwa, waɗanda ya tsamo daga karin magana da hikimomin Urhobo. Alamar takan tsaya a matsayin magana, ta kuma tsaya a matsayin ado. Daga bisani ya shiga harhaɗa tarkace, irin su duwatsun ado da ɓaraguzan na'urori, yana liƙa su su tashi siffa guda. A 1998 ya buɗe taron horaswa na Harmattan a garinsu.

4.0 Kammalawa

Abin lura shi ne, duk lokacin da hannunsa ya ƙara ƙwarewa, sai ya ƙara kusantar harshensa. Hausa kuwa ba ta rasa irin wannan jari ba: ga zayyanar allon sauka, ga rubutun ajami, ga dagi a bango da wuyan riga, ga ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ da aka shigar cikin boko a shekarun 1930, ga kuma kirari da karin magana a jikin motocin da ke ɗaukar rake daga Maƙarfi da Kudan. Motar takan tsufa, bangon yakan zube, rubutun ya tafi da su. Ya kamata sassan Hausa su sa ɗalibai tattara waɗannan rubuce-rubuce da hotunansu, su kuma zanta da masu yin su, tun suna da rai.