Darasi na Tara: Yawon Buɗe Ido da Tsaron Baƙo

Sukur ƙauye ne a kan duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali, arewa da Mubi. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne kuwa na farko a Nijeriya. Baƙi kan hau dutsen domin su ga fadar Hidi, wato sarkin Sukur, da hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu, da gonaki masu hawa-hawa.

Zuwan baƙi arziki ne, domin direba da ɗan jagora da mai masauki duk sukan samu rabonsu. Amma a shekarar 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi, suka kuma kai wa Sukur hari. Nan take ƙafar baƙi ta ɗauke. Komai kyan wuri, baƙo ba ya zuwa inda yake tsoron rasa ransa. Lalle zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi

1. A ina Sukur yake?
2. Su wa ke amfana da zuwan baƙi?
3. Bayyana ma'anar "ƙafa ta ɗauke".