Dashen dankali: a yanki kan yaɗo, a bar gindi

Ƴan'uwa manoma, dankali, wanda waɗansu ke cewa kudaku, ba a shuka shi da ƙwaya kamar hatsi. Yaɗonsa ake yankewa a dasa. Duk inda gaɓar yaɗon ta taɓa ƙasa mai laima, nan saiwa take fitowa.

Amma ba kowane yanki na yaɗo ne iri ba. Akwai wani ƙaramin ƙwaro mai kama da tururuwa da ke yin ƙwai cikin tsohon gindin yaɗo. Tsutsarsa ce ke huda dankali, ya yi ɗaci, har dabba ta ƙi ci. Wanda ya dasa gindi, shi da kansa ya kai ɓarna garkarsa. Kan yaɗo kuwa sabo ne, ƙwaron bai cika yin ƙwai a ciki ba, kuma ya fi saurin kamawa.

Ga yadda za ku yi:

1. Ku zaɓi yaɗo mai wata 2 ko 3, mai koren ganye. Ku bar wanda ganyensa ya nannaɗe ko ya yi rawaya.

2. Ku yanko daga kai, tsawon taƙi ɗaya da rabi, wato santimita 30. Kowane yanki ya kasance da gaɓa 4 ko 5.

3. Ku cire ganyen ƙasa, ku bar 2 ko 3 na sama.

4. In ba ranar za ku dasa ba, ku ajiye a inuwa, ku rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kada ya wuce kwana 3.

5. Ku tada kunya, ku jiƙa ta. Da marece, ku binne gaɓa 3, kan yana waje, ku danne ƙasa da hannu. Ku bar santimita 30 tsakanin dashe da dashe.

6. A noman rani, ku ba da ruwa kullum har mako guda. In sabon ganye ya fito, dashe ya kama.

Bayan haka, in kun ga kunya ta tsage, ku rufe da ƙasa, don ta nan ƙwaron yake bi ya iske dankalin. Cikin wata 4 ko 5 sai haƙa.

Kafin ku haƙe duka, ku dasa ƴan kunyoyi kusa da rijiya, ku yi musu shinge saboda awaki. Shi ne irinku na baɗi, ba sai kun saya ba.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba da albarka.