Amsoshin Tambayoyinku: Me Karatu Daga Nesa Yake Buƙata?

Wata mai sauraronmu daga Funtuwa a Jihar Katsina ta aiko tana cewa: ni matar aure ce, ina so in yi digiri daga gida, me ake buƙata?

To Malama, mun gode. Karatu daga nesa shi ne ki yi karatu ba tare da zama kullum a aji ba. A Najeriya, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, ita ce babbar ƙofa.

Abu na farko, waya ko kwamfuta da data. Idan kin samu intanet mai ƙarfi, ki sauke darussan, ki karanta ko an ɗauke wuta.

Na biyu, tsara lokaci. Babu malamin da zai tsaya a kanki. Ki ware lokaci kullum, ko bayan sallar Asuba kafin yara su tashi, ki miƙa aikin gida kafin a rufe shafin jami'ar na intanet.

Na uku, jarrabawa kam yawanci sai kin je cibiyar karatu ta jami'ar da kanki, don haka ki zaɓi mafi kusa.

Allah Ya ba da sa'a, Malama.