Amsoshin Tambayoyinku: Bangaskiyata Tana Nan, Amma Na Kasa Sa Zuciya

TAMBAYA: Baba Fasto, ni manomi ne a ƙaramar hukumar Kaugama. Gonar shinkafata tana fadama, ta gero kuma tana tudu. Ambaliyar 2020 ta cinye mini shinkafa tana gab da nuna, ta 2022 kuwa ta haɗa har da rumbu da katangar gida. Ban daina zuwa sujada ba, muna addu'a da iyalina safe da yamma, ban kuma taɓa shakkar cewa Allah yana nan ko cewa Yesu ya tashi daga matattu ba. Amma yanzu da zarar damina ta gabato sai gabana ya riƙa faɗuwa. Shuka ma ina yi ne kawai don kada a ce na zauna. Wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu ya ce mini wanda ba shi da bege ba shi da bangaskiya. Gaskiya ne? Me ya sa sa zuciya take da wuya haka?
Daga wani ɗan'uwa, Kaugama, Jihar Jigawa.

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da wannan rashi, Allah ya mayar maka da alheri. Bari in fara sauke maka nauyin da aka ɗora maka kafin mu shiga sauran magana. A'a, ba gaskiya ba ne. Na yarda wanda ya faɗa maka haka da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ya haɗa abu biyu da Littafi Mai Tsarki ya ƙidaya daban. A ƙarshen sura ta 13 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, Manzo Bulus ya lissafa bangaskiya da bege da ƙauna a matsayin abu uku. Da biyun farko abu guda ne, da bai raba su ba.

Bangaskiya tana riƙe da abin da Allah ya riga ya yi da abin da ya bayyana game da kansa. Ka gaskata shi ya halicci duniya, ka gaskata Almasihu ya mutu dominka ya kuma tashi. Waɗannan an gama su, kuma komai cikar Kogin Haɗeja ba zai kai inda suke ba, balle ya share su. Shi ya sa ruwa ya tafi da rumbunka amma ka wayi gari ran Lahadi ka nufi sujada. Bege kuwa gaba yake fuskanta, wajen abin da bai zo hannu ba tukuna. Yana kuma saka kai kanka a cikin maganar. Mai bangaskiya yana cewa Allah mai alheri ne. Mai bege yana cewa ni ɗin nan, da matata da yarana, za mu ga alherin nan. Maganar ta biyu ita ce asara take duka kai tsaye, domin ita ce take da gona da rumbu da sunayen yara a cikinta.

Ka duba Marta, 'yar'uwar Li'azaru, a sura ta 11 ta Bisharar Yahaya. Ɗan'uwanta ya rasu, Yesu bai iso Betanya ba sai da gawa ta kwana huɗu a kabari. Marta ta fita ta tarye shi a hanya, ta kuma yi shaidar da ba kowa ya yi irinta a cikin Bishara ba: ta amince ɗan'uwanta zai tashi a ranar ƙarshe, ta amince wanda yake tsaye a gabanta shi ne Almasihu. Ba a jima ba suka isa bakin kabarin, Yesu ya ce a kawar da dutsen. Wa ya hana? Ita Martan. Ta tuna masa gawa ta riga ta fara wari. Bangaskiyarta ta kai har ranar ƙarshe, amma zuciyarta ta kasa sa rai da abin da zai faru a wannan rana. Yesu bai kore ta ba, bai ce shaidar da ta yi ɗazu ƙarya ce ba. Ya tuna mata maganarsa, aka kuma kawar da dutsen tana tsaye. Inda Marta ta tsaya, nan kake tsaye, kuma wuri ne da masu bi na gaske suke tsayawa.

To, me ya sa abin yake da wuya? Dalili na farko ba na ruhaniya ba ne ma. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Faɗuwar gaban da kake ji in hadari ya haɗu daga gabas, zuciyarka ce take tuna abin da ta gani da idonta. Kakanninku ma sun san ambaliya, amma sun san ta kamar yadda ake sanin lokacin kaka: ruwa ya malalo fadama a ƙarshen damina, ya bar laka mai albarka da kifi, ya janye, a bi sawunsa da shuka. Wannan tsari ya sauya. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka a Jihar Kano ta yau. Kogin da a da yakan ƙafe da rani sai ya koma yana gudana kusan shekara zagaye, abin da ya ba ciyawar kachala damar yaɗuwa. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a bayanta, ruwa kuma ya fara neman hanya ta gonaki da gidajen mutane daga Ringim da Miga zuwa Auyo, Haɗeja, Kiri Kasamma da Guri. Ga jan-baki yana samun mafaka a cikin kachalar, yana sauka a kan shinkafa. Ga tsadar taki, ga man injin ban-ruwa da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Manomin da ya gaji sanin kogi daga ubansa ya wayi gari sanin bai ishe shi lissafin damina ba. Na jero waɗannan ne don ka gane tsoronka yana da dalili, don kuma ka gane wani sashe na wahalar nan aikin hannun mutane ne, wanda mutane za su iya gyarawa.

Dalili na biyu shi ne bege yana da tsada. Kana iya gaskatawa kana zaune a kan tabarma. Amma ranar da ka sa rai da damina, sai ka buɗe buhu ka ɗebi hatsin da yara za su iya ci, ka kai gona ka binne. Sai ka ci bashin taki. Duk wanda ya sa zuciya ya miƙa wa asara wani abu da za ta iya kamawa, kuma zuciyar da aka ƙona sau biyu takan yanke shawara a ɓoye cewa ba za ta ƙara miƙa komai ba.

Wani babban malamin tauhidi na ƙarni na 13, Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi bayanin da nake ganin ya dace da halinka. A fahimtarsa, abin da ake sa zuciya a kai dole ya zama alheri, ya zama yana gaba, ya zama da wuyar samu, amma kuma mai yiwuwa. Ka lura wuya tana cikin sharuɗɗan tun farko. Ba wanda yake sa zuciya ga fitowar rana gobe, jiranta kawai ake yi. Ya kuma nuna ana faɗuwa daga bege ta gefe biyu: ta yanke ƙauna, da kuma ta gangancin ɗaukar cewa Allah ya zama dole ya ba ka abin da kake so. Gefen na biyu ya fi damuna a zamanin nan. Akwai wa'azin da ya cika rediyo da wayoyinmu, mai cewa bana shekararka ce, in ka ba da gaskiya sosai asara ba za ta taɓa ka ba. Wannan wa'azi zalunci ne ga manomin fadama. Ruwa yana zuwa ya cinye gonar mai addu'a da ta marar addu'a a dare ɗaya, sannan a bar mai addu'ar da asara biyu, ta shinkafa da ta zargin kansa. Ina kyautata zaton maganar ɗan'uwan nan naka daga irin wannan koyarwa ta samo tushe, ko da shi bai sani ba.

Ba zan yi maka alkawarin cewa kogi ba zai sake haurowa ba, domin Allah bai ba ni wannan alkawari in isar maka ba. Begen Kirista ba a ɗaure yake da amfanin bana ba. An ɗaure shi da tashin Almasihu, da alkawarin cewa mutuwa da asara ba su ne za su yi magana ta ƙarshe a kanka ba, da cewa Allah zai sabunta halittarsa. A sura ta 8 ta wasiƙar Romawa, Bulus ya kwatanta halitta duka da mai nishin naƙuda, masu bi ma suna nishi tare da ita suna jira. Wato nishi da bege suna iya zama a ƙirji ɗaya.

Akwai labarin da nake so ka zauna ka karanta da iyalinka, sura ta 32 ta littafin Annabi Irmiya. A shekara ta goma ta sarautar Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kuwa yana tsare a farfajiyar matsara ta fadar sarki saboda ya faɗi gaskiya cewa birnin zai faɗi. A cikin wannan hali ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tallar gona a garinsu Anatot, a ƙasar da yaƙi ya riga ya mamaye. Duk manomi ya san wannan ba ciniki ba ne. Amma da yake Allah ya riga ya sanar da shi, Irmiya ya saya. Ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya miƙa wa magatakardansa Baruk takardun a gaban mutane, ya ce a ajiye su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Alama ce cewa wata rana za a sake cinikin gidaje da gonaki a ƙasar.

Abin da ya biyo baya ya fi taɓa ni. Bayan an gama ciniki, Irmiya ya koma ga Allah da addu'a, ya fara da yabon ikonsa da ayyukansa tun daga Masar, sa'an nan ya ƙare da abin da ya yi kama da ƙorafi: ga maƙiya a bakin ganuwa, ga yunwa da annoba, kai kuma ka ce in sayi gona. Farkon addu'ar bangaskiya ce tsantsa, ba rawar murya. Ƙarshenta kuwa bege ne yana ɗingishi. Urushalima ta faɗi ba da daɗewa ba, aka tafi da Irmiya Masar, kuma Littafi bai nuna mana ya taɓa sa fartanya a gonar ba. Duk da haka ya biya kuɗin cif, ya adana takardar.

Ka ce shuka kake yi kawai don kada a ce ka zauna. Ban yarda wannan ne dukan dalilinka ba. Kunyar mutane tana iya kai mutum bakin gona, amma ba ta sa shi ya zaɓi iri mai kyau, ya yi noman fari, ya koma maimai. Ka daina auna begenka da abin da kake ji a ƙirji cikin dare. Jin nan yakan dawo a hankali, wani lokaci sai bayan shekaru, kuma ba a tilasta shi.

Kafin ya dawo, ka yi aiki da hankalin da Allah ya ba ka. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, ana kuma bayyana su a gidajen rediyo da Hausa. Ka saurara. Ka tambayi malamin gona na yankinku game da irin shinkafa mai saurin nuna, da kuma FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017 saboda suna jure nutsewa a ruwa na wasu kwanaki. Kada ka zuba duk ƙarfinka a fadama. Ka ba gero da riɗi da wake na tudu haƙƙinsu, ka kuma ajiye wani abu domin noman rani bayan ruwa ya janye. Irin shuka kada ya ƙara kwana a rumbun da ruwa ya taɓa kaiwa. In an kira gayyar yankan kachala ko ɗaurin jinga da buhunan yashi, ka fita tare da maƙwabtanka Musulmi. Su ma addininsu ya hana su ɗebe tsammani daga rahamar Allah, su ma kuma gabansu yana faɗuwa in hadari ya haɗu. In kuwa abin ya kai ga ka daina barci, ko abinci ya fita ranka, ko kana jin rayuwa ba ta da amfani, ka gaya wa fastonka, ka kuma je asibiti ka ga ma'aikacin lafiya. Wannan ba gazawar bangaskiya ba ce.

Saura maganata ga dattawan ikkilisiyarku, da fatan za ka nuna musu wannan shafi. Mutumin da ruwa ya cinye wa gona sau biyu bai kamata a bar shi ya ɗauki begensa shi kaɗai ba. A lokacin godiyar kaka, ku ware wani kaso na hatsin da aka kawo ya zama irin shuka, a ajiye shi a wuri mai tudu, a rubuta sunayen waɗanda suka yi asara, a raba musu kafin ruwan shuka ya sauka. Ɗan'uwan da ya yi masa waccan magana, ku sa shi cikin masu kai irin gida-gida.